Ranar da Na Sa wa Kayan Karate Sitaci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a cikin cikakken ɗakin taro, na ɗaga hannu ina washe baki ba, alhali abin da ya kamace ni a lokacin shi ne in shige ƙarƙashin benci. Na yi ƙoƙarin mantawar, Allah ne shaidata. Amma duk sanda na dama sitaci a shago sai warinsa ya mayar da ni can, ni kuwa kullum sai na dama sitaci, don da shi nake ci.

Ni mai wanki da guga ne, da bugun shadda. Shagona yana kan hanyar Naraguta. A wurin mahaifina na gaji sana'ar, shi ma a wurin nasa uban, wanda ya zo Jos zamanin haƙar kuza yana wanke wa Turawa kaki. Na faɗi haka ne don ka san ni ba ɗan koyo ba ne. In na murza yadi da yatsa biyu na san kaurin sitacin da yake so. Babbar rigar da ta fito daga hannuna, in mai ita ya ɗaga hannu zai gyara ta a kafaɗa, na sahun baya a masallaci sai ya ji ƙararta. Da wannan nake alfahari, kuma alfaharin ne ya kai ni ya baro.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Tana shiga ƙaramar sakandare ta zo mini da maganar karate. Wai akwai wani mai suna Obinna, Ibo ne haifaffen Jos, yana sayar da kayan wuta a Kabong, da yamma kuma yana koya wa yara a ɗakin taron wata firamare. Yaran suna ce masa Sensei (malam ke nan da yaren masu abin; ni dai Oga Obinna nake ce masa, bakina bai taɓa yarda da ɗayan ba). Da fari na ce ba da ni ba. Mahaifiyarta ce ta shawo kaina.

"Malam, ka bar ta," in ji ta. "Ka san garin nan. Yarinyar da ta iya ƙwatar kanta ai ba a yi asara ba."

Na bar ta, kuma abin ya karɓe ta. Akwai wani ɓangare da suke ce wa kata: mutum shi kaɗai zai tsaya a fili ya yi ta naushi da kariya da juyi a jere, kamar yana faɗa da mutanen da ba a gani, alƙalai suna kallo suna ba da maki. A nan Ummi ta yi fice. Kai gare ta. In an nuna mata sau ɗaya ta haddace, ta dawo gida ta yi ta maimaitawa a tsakar gida tsakanin igiyoyin shanya, har sai uwarta ta yi mata tsawa kan tukunya. Burinta ɗaya ne, kuma babu wanda bai san shi ba a gidanmu: a gasar da za a yi cikin dogon hutu za a zaɓi yaran da za su wakilci jiha, ita kuwa so take sunanta ya fito. Ko addu'a aka ce ta yi mana bayan cin abinci, sai ta saƙa maganar a ciki.

Wata Asabar da safe na kai wa wani mutum kayansa a Kabong, sai na ce bari in leƙa in ga abin da suke yi, tunda ban taɓa zuwa na Asabar ba. Ban same su a ɗakin ba. A bayan makarantar na same su, wajen duwatsu. Wasu na gudu suna hawa suna sauka, wasu na tsallake igiya, wasu sun tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. Can gefe kuma ga 'yata, hannu a ƙeya, tana tsallen kwaɗo, Oga Obinna na tsaye a kanta yana tafa hannu.

Dole in gaya maka wani abu a nan, in ba haka ba za ka ce mahaukaci ne ni. A shekarun da garin nan ba lafiya, an taɓa tsare ni a wani shingen bincike ina ɗauke da ƙunshin kayan mutane. Ban yi komai ba, amsa ce kawai ban bayar da sauri ba. Masu kakin suka sa ni tsallen kwaɗo da ƙunshin a ka, a gaban mata masu sayar da tumatir, ina da aure ina da gemu. Tun daga ranar, ni a wurina tsallen kwaɗo ba motsa jiki ba ne, wulaƙanci ne. Da na ga 'yata a tsugune haka sai idona ya rufe.

"Oga Obinna, laifin me ta yi?"

"Laifi? Babu laifi, Oga. Training ne."

"Wannan ne karaten? Ina naushin? Ina shurin?"

Mutumin bai ɗauki zafi ba, wannan kam zan ba shi. Ya ja ni gefe ya yi mini bayani da Hausarsa ta 'yan Jos, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta.

"Oga, ka ji ni. Yarinya naka yana da kai, sharp sharp yana kama kata. Amma kafa babu. Ina gwada su duka, tsalle daga tsaye, gudu gajere, tsayuwa da kafa daya, lankwasa jiki. Wanda ya fi a wannan, most times shi ne yana fi a kan mat. Ummi yana baya a duka. Karate ba hannu kawai ba ne, Oga, na leg dey carry am, kafa ne yana dauke shi."

Ya nuna mini wata siririyar yarinya mai suna Kangyang, wadda take zuwa tun daga Vom. Ina kallo ta haɗa ƙafa ta daka tsalle daga tsaye, ta sauka can nesa, ta tsaya cak ko girgiza ba ta yi ba. Ya ce wannan saukar ita yake nema wa Ummi, kuma ba a samunta sai da irin wannan wahalar, musamman yanzu da jikinta ke miƙewa, ƙashi na yin tsawo nama bai kamo shi ba.

Na ji shi sarai. Ba zan ce ban gane ba. Amma zuciya ta riga ta hau, sai na ce masa ni faɗa na kawo ta ta koya, ban kawo ta gidan horo ba. Na kama hannunta muka tafi. A gida na yanke hukunci: na yamma cikin mako ta je, na Asabar kuwa an gama shi. Ta yi kuka, uwarta ta yi magana, Oga Obinna ya aiko har ya gaji. Na ƙi. Ranar Asabar sai in tafi da ita shago ta yi mini ninkin kaya, ina ganin na ceci mutuncin 'yata. Haka muka ci watanni.

Da gasar ta matso na fara zuwa ɗaukarta da yamma, ina zama a bakin ƙofa ina kallo. A nan kunnena ya jiyo mini abin da ya hallaka ni. In Kangyang ta kai naushi, hannun rigarta sai ya ce fat! In ta juya, wandon ya ce fat! Ummi kuwa motsin iri ɗaya, ko kuskure babu, amma shiru kake ji. A hanya na tambaye ta, ta ce ai alƙalai suna son wannan kaifin, shi ke nuna ƙarfi.

Wallahi wani daɗi ne ya kama ni. A duk harkar karaten nan, yau ga abin da na fi kowa sani. Ƙarar tufafi! Kashegari na tari Oga Obinna da maganar, ya yi dariya.

"Oga, ba riga yana yin kara ba. Speed ne, da power daga kugu. Hannu ya tafi da gudu ya tsaya gbam, shi ne riga yana amsa."

Na ce to, amma a raina cewa na yi: ji mai sayar da ƙwan fitila zai koya mini yadda yadi ke ƙara. (Na lura rigar Kangyang tsohuwa ce, ta sha wanki har ta yi laushi kamar zanin goyo. Na lura sarai. Sai na ce wa kaina ai irin gwanjon nan ne na ƙasar waje, yadinsu daban ne.)

Ana jibi gasa na karɓi kayan Ummi na ce zan wanke mata da kaina. Watan Agusta ne, ruwa ba dare ba rana, ga sanyin Jos da ka sani. Na dama sitacin rogo mai kauri, irin wanda ko hular sarauta ban taɓa yi wa ba. Na tsoma riga da wando, na busar a kan gawayi tunda babu rana, na sake tsomawa, na sake busarwa. Na shimfiɗa su a kan gungumen bugu na bi su da mabugi har kafaɗata ta yi tsami. Sannan na goga kyandir a dutsen guga na bi kowace karya. Da na gama na ajiye wandon a ƙasa, ya tsaya da ƙafarsa babu kowa a ciki. Na ja da baya ina kallonsa, har da cewa masha Allah.

Da na kai gida uwarta ta ƙwanƙwasa rigar da yatsa. "Malam, wannan sawa za a yi ko rufin ɗaki?"

"Ke dai ki zuba ido," na ce.

Da safen gasar Ummi ta shiga cikin kayan, don ba zan ce ta sa su ba. Ta fito hannuwa a buɗe, ta dube ni.

"Baba, sun yi tauri."

"Za su saki in kin yi zufa."

"Baba, Sensei zai yi faɗa."

"Shi ya haife ki?"

Ta zura dogon hijabinta a kai muka fita. A cikin keke ba ta iya zama daidai ba, a karkace ta tafi, ƙafa ɗaya a miƙe. Mun isa a makare, Oga Obinna na can yana fama da sauran yaransa, don haka bai ga aikina ba sai da aka kira sunanta.

Ɗakin gasar ya cika maƙil. Iyaye a kan bencuna, yara a ƙasa sun zagaye shimfiɗar roba da ake wasan a kai, alƙalai a kan kujeru da tutoci a hannu, ruwa na dukan kwano. Ummi ta cire hijabin ta bar ɗankwalin wasa, ta taka zuwa tsakiya. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Ta rusuna ta gaida alƙalai, rigar ta ce ƙwas. Na ji hayaniya ta fara kwantawa. A al'adarsu mai wasa shi ke faɗin sunan katar da zai yi da ƙarfi kafin ya fara. Ta faɗa, ta fara.

Jama'a, ban taɓa jin aikina ya yi magana irin ta ranar ba. Kowane naushi kamar ana faskara ice. Har ƙarar ruwan saman ta danne. Abin da ban hango ba shi ne, duk inda yadin ya karye sai sitacin ya farfashe, wani farin gari na zuba daga hammata da gwiwa, har sawunta ya fara fitowa a kan shuɗiyar shimfiɗar. Na ga garin, amma na ce ƙaramin abu ne. Na ga mutane na taɓa juna suna nuna ta, wasu sun ɗaga waya. Na ga Oga Obinna ya dafe kai. Duk na fassara su da cewa mamaki ne ya kama su. Har na zunguri mutumin da ke kusa da ni na ce, "'Yata ce."

Ta gama. Maimakon a ɗaga tuta, alƙalan suka taru suna magana. Babbansu, wani dattijo mai furfura, ya je ya murza hannun rigarta, ya dubi yatsunsa, ya karɓi lasifika. Ya yi tambayar da Turanci, ya sake ta da Hausa:

"Wa ya shirya wa yarinyar nan waɗannan kayan?"

Ummi ta ɗago ta dube ni, ta girgiza kai a hankali. Na gani. Na ɗauka kunya ce irin ta yara.

Na miƙe. Ba miƙewa kawai ba, sai da na gyara babbar rigata a kafaɗa (ita ma ta sha sitaci, ita ma ta amsa), na ɗaga hannu.

"Ni ne, ranka ya daɗe! Ni ne mahaifinta, kuma aikin hannuna ne. Shagona na nan kan hanyar Naraguta, kowa ya san ni. In akwai mai so, na yara da na manya duk muna yi."

Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana.

"Madalla," ya ce. "To tunda aikinka ne, sai ka zo ka share."

Dariyar da ta fashe ban taɓa jin irinta ba. Ba ta tsaya ba, sai ta yi kamar za ta mutu ta sake tashi. Dattijon ya ci gaba a lasifika, yana cewa wanda ya sa tufafi su yi masa ƙarar da jikinsa bai yi ba, alƙalai yake so ya yaudara, kuma an rage mata maki. Ya ce garin sitacin nan zai iya kayar da ɗan wani. Ya ce tunda ba laifin yarinya ba ne, za a bar ta ta shiga zagaye na biyu in ta sauya kaya. Yana magana wani ya miƙo mini tsintsiya da tsumma.

Na cire takalmi na hau shimfiɗar. Ka san babu yadda za a yi shara a tsaye. Na duƙa, babbar rigata ta ce ƙwas, ɗakin ya sake ɗaukar dariya. Duk sharar da na kai, rigar sai ta amsa, yaran da ke zaune a ƙasa suka fara bina da baki: ƙaras, ƙaras. Wani daga baya ya ƙwala, "Oga Sitaci!" Shi ke nan suna ya kama. Na share, na bi da jiƙaƙƙen tsumma, na bi da busasshe, kusurwa zuwa kusurwa, zufa na keto mini cikin wannan sanyin. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Abu ɗaya na sani, shimfiɗar nan ta fita tas, don ni in na yi aiki ina yinsa.

Ina mayar da tsintsiyar na wuce ta kusa da su Ummi. Kangyang ta ara wa Ummi kayanta na biyu, ta sa, sun ɗan yi mata gajarta. Oga Obinna ya durƙusa a gabanta yana riƙe da kafaɗunta, ko kallona bai yi ba.

"Ummi, ka ji ni da kyau. Yi mai sauki. Kar ka yi mai tsalle, kafa naka bai shirya ba. Wannan year ya tafi, no wahala. Next year muna nan."

Ta gyaɗa kai.

Na koma bencina. Mutumin da na zungura ɗazu ya matsa can, kafaɗunsa na rawa. Bayana wasu samari na ta maimaita "na yara da na manya duk muna yi" da muryata, kuma sun iya ta. Aka yi ta kiran yara, Kangyang ta yi nata, tutoci suka tashi mata gaba ɗaya. Sannan aka sake kiran Ummi. Tana takawa wani ya ce ƙaras ƙaras, aka ƙyalƙyale. Ta tsaya a tsakiya, ta juyo ta dubi inda nake, ta dubi samarin da ke bayana. Sai ta buɗe baki ta faɗi sunan kata da wata irin murya da ban san tana da ita ba. Ban san sunayensu ba, amma na ga Oga Obinna ya zabura ya miƙe yana cewa, "No, no, no." An riga an fara, babu mai tsayarwa.

Kayan aro ba su ce komai ba. Ruwan sama kawai nake ji da numfashinta. Kuma da yake babu ƙarar da zan saurara, a karon farko na kalli ƙafafun 'yata. In ta sauka ƙasa-ƙasa ta buɗe ƙafa, cinyarta rawa take. In ta juya, sai ta ɗan ƙara taku kafin ta tsaya. Abin da mutumin nan ya gaya mini a bakin duwatsu, ga shi ƙuru-ƙuru, ko makaho ya shafa zai ji. Hannuwanta daidai, idonta daidai, kanta bai manta komai ba. Sai ta zo wurin tsallen. Ta tashi, ta juya a sama, ta sauka a kan ƙafar dama, na ga gwiwar ta lotsa ciki.

An yi ƙara. 'Yar ƙarama ce, ƙas. Na yi shekara da shekaru ina sauraron yadi, na san kowace irin ƙara da yake yi, kuma na san wannan ba tasa ba ce.

Ba ta yi ihu nan take ba, sai da ta yi yunƙurin tashi. Dariya ta ɗauke kamar an ɗauke wuta. Kafin in tsallake bencina Oga Obinna ya riga ya ɗauke ta, yana gudu da ita waje cikin ruwa yana kiran keke. Na bi su da hijabinta a hannu ɗaya, takalmana a ɗayan, don tun sharar ban mayar da su ba.

A asibiti suka ce jijiyar cikin gwiwa ce ta yage. Muna zaune a baranda ni da shi, na yi ta jira ya ce ai na gaya maka. Da ya faɗa da na samu abin da zan yi fushi da shi, in ɗan sami sauƙi. Bai faɗa ba. Ya sayo mata ruwa da lemo, ya zauna har uwarta ta iso, sannan ya tafi. Na so ƙwarai in ce santsin sitaci ne ya kayar da ita, don wannan wautar kwana biyu ce, mutum zai iya ɗauka. Amma ni na goge shimfiɗar da hannuna. Abin da ya kayar da ita Asabar ɗin nan ne da na yi ta tara mata a shago tana ninke rigunan mutane.

Kangyang ce ta tafi wakiltar jiha, kuma ta cancanta. Ummi ta daɗe da sanda, yanzu ta ajiye ta, amma in an tashi da sanyi sai ka ga tana jan ƙafar, Jos kuwa kullum da sanyi ake tashi. Likita ya ce gudu da tsalle sai an yi wani aiki, shi ma ba a ba mu tabbas ba. Tsakar gidanmu babu mai naushin iska tsakanin igiyoyin shanya. Oga Obinna yakan leƙo ya ce ta zo ko zama ne ta yi ta riƙa gyara wa ƙanana kata, ta ce to, ba ta je ba.

Abin haushin kuma, tallan ya ci. Hoton bidiyon ya zaga wayoyi, har yau mutane na zuwa shago suna tambaya ko nan ne wurin Oga Sitaci, su ajiye shadda su ce irin na karaten nan suke so. Ina karɓa, ina yi musu, ina murmushi. Me zan ce?

Wata rana da hantsi muna dawowa daga wurin gashin ƙafar, mu biyu a bayan keke, na kasa riƙe abin da ke cina. Da faɗa na fara, don ni haka nake in kunya ta ishe ni.

"Ke ma da taurin kai. Malaminki ya ce kada ki yi mai tsalle, da kunnena na ji. Me ya kai ki?"

Ta amsa tana kallon titi.

"Baba, na san ƙafata ba za ta ɗauka ba. Tun kafin in tashi na sani."

"To don me?"

"Suna ta yi maka dariya. Na ce in na yi mai wuyar na ci, za su manta da tsintsiyar."

Mai keken ya ƙara muryar rediyonsa, Allah ya saka masa da alheri. Muka iso gida. Na sauka na miƙa mata hannu, ta kama ta sauko a hankali, ta ce mini na gode. Na sha dariyar cikakken ɗaki ina duƙe da tsintsiya, amma ba ta yi mini ciwon wannan godiyar ba.

Darasin da na samu ba wani mai yawa ba ne, kuma ya zo bayan an tashi daga aji. In babba ya ɗauki lasifika ya ce wa ya yi wannan, ka dubi fuskar 'yarka tukuna kafin ka gyara riga. Sannan ni dai wando na iya tsayarwa. Tsayar da wanda ke cikin wandon aikin wani ne, na same shi yana cikin yi, na ƙwace ta daga hannunsa.